Jego a Houston, Daminar Harvey

Wankan jego ne ya kai ni Amurka a watan Agustan 2017. Ƙanwata ta yi haihuwar fari a Houston, Hajiyarmu kuwa ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai aikin ya faɗo kaina, tunda ni ce babba, kuma makarantar da nake koyar da jogirafi a Katsina tana dogon hutu. Akwati guda kaf kayan mai jego ne: garin kunu, kanwa, yaji, kuka, daddawa da busasshen ganyen darbejiya. Kilishi kaɗai na bari a gida, don an ja mini kunne cewa nama ba ya wuce kwastan ɗinsu.

Tun jirgi bai sauka ba na lura garin a shimfiɗe yake, ba tudu ba gangare, sai tituna da rufin gidaje iyakar ganin ido. Shi ne birni na huɗu a girma a Amurka, amma tsakiyarsa da kaɗan ta ɗara teku, wajen mita 15. Ƙasar kuma yumɓu ce, ba ta shan ruwa. Abin da ke kwashe ruwan garin wasu ƙoramu ne masu tafiyar hawainiya da suke kira bayou: Buffalo, Brays, White Oak, Greens da sauransu. Su ƙanwata suna kudu maso yammacin gari, ɓangaren da 'yan Najeriya suka yi yawa har kana samun garin kwaki da manja a shagunan titin Bissonnet. A hawan ƙasa na wani dogon gidan haya suke, ba nisa da Brays. Da mijinta ya ɗauko ni muka hau gadar, na leƙa na ga kwari mai zurfi an dafe shi da siminti, ɗan ruwa na bin tsakiya. Na tambaye shi dalilin wannan zurfi. Ya ce, "Yaya, ki dai yi addu'a kada ki gan shi a cike."

An yi suna lafiya. Ranar Litinin 21 ga wata aka yi kusufin rana, a Houston ya ci fiye da rabinta, kowa hankalinsa na sama. Ba mai zancen guguwar teku da aka raɗa wa suna Harvey, domin a lokacin ana ganin ta riga ta mutu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hadarin damina daga gabas yake haɗowa, kuma wannan ba banza ba. Tsakanin zafin Sahara da sanyin gaɓar tekun Gini akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, kimanin kilomita uku a sama. Ba ta tafiya a miƙe, lanƙwashewa take yi, kuma kowace lanƙwasa tafe take da gungun hadari. Daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur suke tasowa duk bayan kwana uku zuwa biyar, su ratsa Chadi, su bi ta kanmu, su wuce Mali, su faɗa teku ta Senegal da Gini. Wajen 60 ake samu a shekara. Mafi yawansu a teku suke mutuwa, musamman in busasshiyar iskar hamada mai ƙura ta shige su. Amma in wani ya dace da ruwan teku mai ɗumin digiri 26 da rabi ko fiye, iskar sama kuma ba ta sare masa kai ba, sai ya fara juyawa. Galibin manyan guguwowin Atilantika haka aka haife su.

Harvey ma haka. Ta bar gaɓar Afirka ta Yamma wajen 12 ga Agusta, aka raɗa mata suna ranar 17, ta wuce ta Barbados, ta watse a tekun Karebiyan ranar 19. Ragowarta ta haye Yukatan ta faɗa mashigin tekun Mekziko, inda ruwa ke da ɗumi sosai a wannan lokaci, ranar Laraba 23 ta farfaɗo. Kafin daren Juma'a ta kai mataki na huɗu cikin biyar. Na faɗa wa ƙanwata cewa mai yiwuwa wannan hadarin ya shayar da geron wani a Daura ko Damagaram kafin ya biyo ni. Ta ce, "Yaya, don Allah ki ajiye alli, ki duba mana ko madarar nan za ta isa."

Ranar Alhamis muka shiga kanti. Ruwan roba ya ƙare, burodi ya ƙare, layin mai ya fito har titi. Muka cika bahon wanka da duk wata tukunya. Gardamar da aka yi a talabijin washegari ita ce a bar gari ko a zauna. Gwamnan Texas, Greg Abbott, ya nuna gara a fita, magajin garin, Sylvester Turner, ya ce kowa ya zauna a gidansa. Hujjarsa guguwar Rita ce. A 2005, makonni kaɗan bayan guguwar Katrina, da Rita ta nufo, miliyoyin mutane suka kwarara kan hanya lokaci guda, motoci suka tsaya cik cikin zafi, aka rasa rai fiye da 100 a gudun, wanda ya zarce abin da guguwar kanta ta kashe. Da na ga yadda manyan titunan nan suka koma koguna daga baya, na ba shi gaskiya. Da motoci na jere a kansu, da ba a san yawan gawar da za a kwasa ba.

Wajen ƙarfe 10 na daren Juma'a, 25 ga wata, Harvey ta hau tudu kusa da garin Rockport na gaɓar Texas, da iska mai gudun kilomita 215 a sa'a. Tsakaninmu da can kusan kilomita 300 ne. Asabar ta waye da ruwa jefi-jefi, har maƙwabta na cewa an tsallake. Daren ne ake damben Mayweather da McGregor, mutane da yawa suka fita kallo gidajen abokai, wasunsu a gidan mai ko kan gada suka kwana. Abin da ya faru shi ne guguwar ta rasa mai tura ta. Iska mai nauyi ta tokare ta gabas da yamma, ta tsaya wuri guda, ɓangarenta ɗaya yana kan teku yana ɗibar ruwa, yana juye shi a kanmu.

Ban taɓa jin ruwa irin na daren ba. Namu yakan zo da fushi, ya yi sa'a guda ya wuce. Wannan ba ya numfashi. Wayoyinmu suka dinga ƙara da gargaɗi biyu masu karo da juna: ɗaya ya ce iska mai murɗawa na tafe, a sauka ƙasa a shige ɗakin da ba taga, ɗaya ya ce ambaliya, a hau sama. Can tsakar dare na shiga banɗaki in haɗa wa mai jego ruwan zafi, sai na ji magudanar na gurnani, baƙin ruwa na bulbulowa daga ciki. Da na fito, kafet ɗin falo ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafata. Ƙofa a rufe take, an tare ta da tawul, amma ta ƙarƙashin bango yake shigowa, ta ko'ina lokaci guda. Mijin ƙanwata ya kashe wutar gidan daga babban makunni, ya zuba fasfo da takardun haihuwa a leda ya ɗaure. Ƙanwata ta rungumi jaririya. Ni na ɗauki Alƙur'ani, filas da ƙullin garin kunu. Kafin mu kai matakala ruwa ya shanye idon sawu.

Wadda ke samanmu wata tsohuwa ce 'yar Biyetnam, gaisuwar kai kawai ke haɗa mu. Ta buɗe ƙofa tun ba mu ƙwanƙwasa ba. Turancinta kaɗan ne, amma da ta ga jaririya ta dubi ƙanwata, sai ta ja ta ta zaunar, ta lulluɓe mata ƙafa da safa da bargo, ta rufe taga. Ta kunna ɗan murhun gas ta dafa citta ta miƙa mata da zafinta, ta hana ta taɓa ruwan sanyi. Ashe su ma suna killace mai jego da ɗumi. Da safe na dama kunun kanwa a kan murhun, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ƙara wani cokalin.

Daga barandarta muka kalli Lahadi. Motocin da ke harabar suka dinga kuka ɗaya bayan ɗaya, fitilunsu na walƙiya a ƙarƙashin ruwa, har suka yi shiru. Tamu na ciki. A rediyo ana ta maimaita cewa kada wanda ya shige cikin silin sai yana da gatarin fasa rufi, gara ya hau saman kwano ya ɗaga farin ƙyalle. Layin kiran agaji ya cushe. Hukumar yanayi sai da ta ƙara sababbin launuka a taswirarta, don waɗanda take da su ba su kai yawan ruwan ba. A Nederland, gabas da Houston, an auna milimita 1,539, fiye da abin da Katsina ke samu a damina biyu.

Ranar Litinin wasu maza biyu suka shigo harabar da kwalekwalen kamun kifi mai shimfiɗaɗɗen gindi. Daga Louisiana suka jawo shi a bayan mota, ba wanda ya aiko su. Wuta ta ɗauke, ga jaririya, muka ce za mu bi su. Tsohuwar ta ƙi, ta ce ɗanta na zuwa. Matakalar ta nutse har rabi, kuma dole mai sauka ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. Na kwance zanena na goya yarinyar, na ɗaure da majanyi, na ɗora leda a kanta. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo hannu zai karɓe ta, ya zagaya ya duba ƙullin, ya ja shi kaɗan, ya ce a bar ta a nan, ta fi zama lafiya. A hanya ya hana mu sa hannu a ruwa. Ya nuna mana wani jan abu na yawo, faɗin faranti. Jajayen tururuwa ne masu cizo, sun sarƙe juna suna iyo, in suka sami jikin mutum sai su hau gaba ɗaya. Muna wuce allunan sunan titi a daidai kafaɗa.

Inda ruwa ya ƙare wata babbar motar kwasar yashi ta ɗauke mu zuwa masallaci. Babban zauren taro na George R. Brown da ke tsakiyar gari ya ɗauki mutum wajen 10,000, ninki biyu na abin da aka shirya masa. Wani mai sayar da kujeru da katifu, Jim McIngvale, ya buɗe shagunansa mutane suka kwana a kan hajarsa. Ƙungiyar Musulmin Houston ita ma ta mai da wasu masallatanta mafaka. A namu akwai Kiristoci 'yan Mekziko, akwai baƙaƙen Amurka, akwai Indiyawa. Wani dattijo ya zo da karensa ya tsaya a bakin ƙofa yana jin nauyi, samari suka kafa wa karen rumfa a waje, shi kuma aka ba shi katifa kusa da taga inda zai riƙa ganinsa. Likitoci 'yan Pakistan suka buɗe ɗan asibiti a ajin Islamiyya, su suka duba cibiyar yarinyar.

Babbar Sallah ta faɗo ranar Juma'a, 1 ga Satumba. Shugabannin ƙungiyar suka ce ba za a tashi kowa daga makwancinsa saboda Idi ba. Da kayan da aka ba ni sadaka na yi sallar, wata doguwar riga mai faɗi da mayafin da bai dace da ita ba. Layya kuwa a Katsina aka yi mana. Hajiya ta kira tana kuka, ta ga hotunan a talabijin. Bayan ta natsu take ba ni labarin Makurɗi, inda ambaliya ta raba mutum fiye da 100,000 da gidajensu a makon nan, ga Yamai ita ma ruwa na rushe gidaje. A Saliyo, ranar 14 ga Agusta, tsauni ya zaftaro a gefen Freetown ya binne mutum fiye da 1,000. Harvey kai tsaye ta kashe mutum 68 a Texas. Ban ga Makurɗi a tashoshinsu ba ko sau ɗaya, kuma ban yi mamaki ba, kowa gawarsa yake kuka.

Sai da ruwa ya janye aikin ya fara. Gidajensu ba na bulo ba ne. Katako ne aka lulluɓe da allon farar ƙasa, da wani abu mai kama da auduga a tsakani don tare zafi. In ya jiƙa, cikin kwana biyu funfuna ta kama. Sai a ja layi a bango daidai ƙirji, a yanke duk abin da ke ƙasa a fitar. Allon yana marmashewa a hannu kamar gurasar da ta kwana a miya. A fizge kafet, a wanke katakon da bilic, a kunna fanka dare da rana. Warin ba ya barin hanci: ruwan masai ne da mai da ruɓaɓɓen abinci. Kowane titi ya zama lungu tsakanin tsibin kaya biyu, katifu, kujeru, firji an naɗe shi da tef don kada a buɗe, hotunan aure sun manne da juna. A kan wasu an rubuta da fenti cewa kada a ɗauka, ana jiran mai duba inshora. A gundumar Harris kaɗai gidaje fiye da 150,000 ruwa ya shiga.

A nan na fahimci takarda ita ce ke raba mutane bayan ruwa ya haɗa su. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ambaliya. Akwai wata daban ta gwamnatin tarayya, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su da ita, da yawansu don taswira ta ce unguwarsu ba ta cikin haɗari. Tallafin kuɗi na hukumar agajin gaggawa ta FEMA kuma na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin da makamantansu. Mijin ƙanwata da bizar aiki yake zaune. Sai wata lauya mai aikin sa kai a masallaci ta ce masa doka ta yarda iyaye su nema da sunan ɗansu ɗan ƙasa. Yarinyar da ba ta san hannun dama ba ita ce mai takarda mafi ƙarfi a gidan, da sunanta aka cike fom.

Wanda ya fi ba ni tausayi abokin aikinsa ne da ke yammacin gari. Can akwai madatsu biyu, Addicks da Barker, waɗanda aka gina a shekarun 1940 bayan ambaliyar 1929 da ta 1935. Yawancin lokaci a bushe suke, filayen wasa ne da daji. Da gari ya faɗaɗa, aka yanka filaye aka gina unguwanni masu kyau a bayansu, a cikin kwarin da ruwan zai kwanta in sun cika. Suka cika, dubban gidaje suka nutse. Da asubahin Litinin 28 ga wata aka buɗe ƙofofin don kada madatsun su karye, sai gidajen da ke gaba, a bakin ƙoramar Buffalo, su ma suka sha, wasu kusan mako biyu ruwa na ciki. A Disambar 2019 wata kotun tarayya ta ce gwamnati ce za ta biya na bayan madatsun. Mu a gida in an yi gini a hanyar ruwa sai a ce jahilci ne da rashin tsari. Waɗannan da injiniyoyi da lauyoyi da bashin banki aka yi su.

Da hanya ta buɗe na bi motar masallaci mai kai kayan agaji Rockport. Ta Wharton da Victoria muka bi, ƙasar auduga da shanu. Shekarar an yi auduga sosai, an girbe an tara ta a gona cikin manyan dami, iska ta yage su, farin ya maƙale a waya da ƙaya tsawon hanya. Rockport ƙaramin gari ne na masunta da 'yan fansho, mutum wajen 10,000. A Houston gidaje na tsaye, cikinsu ne ya mutu. A nan babu rufi, turakun wuta sun kwanta gefe guda, itatuwa ba ganye ko ɗaya, wani katafaren rumbun ajiye jiragen ruwa ya yage, jiragen na rataye a ciki. Amma waɗanda suka mutu a nan kaɗan ne, don yawanci sun fita kafin ta iso. Kusan duk mamatan Harvey ruwa ne ya ci su, da yawa a cikin mota. Wata mata da muka ba ruwa da gwangwanayen abinci ta ce mu je mu ga tsohuwar bishiyarsu a Goose Island, wadda ta haura shekara 1,000, tana nan ba ta faɗi ba. Wurin a rufe yake, ba mu shiga ba.

Muna wannan, wata guguwar ta riga ta taso. Irma ta bar gaɓar Afirka ranar 27 ga Agusta, ranar da muke barandar tsohuwa. Ranar 6 ga Satumba ta hau tsibirin Barbuda da iskar kilomita 285 a sa'a, ta lalata kusan kowane gini, aka kwashe mutanen tsibirin kaf zuwa Antigua don guguwar Jose na biye da ita. Akwai ranar da taswira ta nuna uku a jere, Katia, Irma da Jose. Ranar 10 Irma ta shiga Florida. Sai Maria: ranar 18 ta daki Dominika, firaministan ƙasar Roosevelt Skerrit yana rubutawa a Facebook cewa rufin gidansa ya tafi. Ranar 20 ta shiga Puerto Rico ta kashe wutar tsibirin baki ɗaya, wasu wuraren sai bayan kusan wata 11 ta dawo. Hukuma ta daɗe tana cewa mutum 64 suka mutu, sai a Agustan 2018 ta amince da 2,975, yawancinsu marasa lafiya da tsofaffi da rashin wuta da magani ya kashe bayan iska ta wuce. Kakar ta ƙare da guguwa 17 masu suna, goma sun kai mahaukata, shida manya. Ta goman, Ophelia, har Ayaland ta kai a tsakiyar Oktoba, ta jawo ƙurar Sahara ta mai da sararin Ingila ja. Asarar Harvey kaɗai an ƙiyasta ta dala biliyan 125.

Kafin in taho na raka mijin ƙanwata neman wani gidan. Haya ta yi wuya, kowa na neman sama. Duk inda muka je tambayarsa ta farko ita ce ina ruwa ya tsaya a Agusta. In aka ce bai shigo ba, sai ya durƙusa ya shafa gindin bango, ya duba ko fentin ƙasa ya fi na sama sabunta, ya buɗe kabad ɗin kicin ya sansana. Gida biyu muka bari a kan haka. Daga ƙarshe suka kama hawa na uku a wani gini da ba lif, kuɗinsa ya ɗara na da, kuma ya sayi inshorar ambaliya ta 'yan haya duk da haka, har da ta sabuwar motar, tunda ita dole a ƙasa za ta kwana.